Shin mota irin Camry za ta yi wa mai iyali da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Tawa?

Tambayar ta zo ne daga wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Yamai tare da maiɗakinsa da 'ya'yansu uku, iyayensa kuwa suna Tawa, inda yakan kwashi iyalin duka su je lokacin sallah da hutun 'yan makaranta. Ya ce ya tara abin da zai sayi mota ta hannu, kuma dillalai sun nuna masa Toyota Camry ƙirar tsakanin 2007 da 2011, amma abokan aikinsa sun raba masa hankali. Wasu sun ce ya sayi Corolla domin ta fi sauƙin shan mai, wasu kuma sun ce a ƙasar nan duk wanda bai sayi mota mai tsayi irin RAV4 ba ya zubar da kuɗinsa. Yana so ya san yadda irin wannan mota take wajen tuƙi, ko iyali za su ji daɗinta a doguwar tafiya, da kuma ko ta cancanci kuɗin da ake nema a kanta.

Malam, a matsayina na wanda gyaran motoci ne sana'arsa, kuma irin waɗannan motoci suna shigowa garejinmu kullum, amsata ita ce idan mafi yawan tafiyarka a kan kwalta take, daga gida zuwa wurin aiki da kuma daga Yamai zuwa Tawa, to da wuya ka sami motar da za ta ba iyalinka hutu kamar wannan a kan kuɗin da za ka biya. Sharaɗin da ke kan maganar guda biyu ne, wato hanyar da ke kai ka ƙofar gidanka da ta gidan iyayenka, da kuma lafiyar ainihin motar da aka ajiye a gabanka, domin suna da shekarar ƙira ba su ne ke kai mutum Tawa ba.

Abin da ya raba Camry da Corolla tun farko shi ne tsawo. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a Camry ta wannan zubi milimita 2,775 ce, ta Corolla ta zamaninta kuwa 2,600, kuma wannan bambanci na kusan taki guda shi ne mutum yake ji a jikinsa ta fuska biyu. Na farko, wanda ke zaune a baya yana samun wurin miƙe ƙafa. Na biyu, motar ba ta yin tsalle-tsalle idan ta shiga inda kwalta ta yi tudu da kwari, saboda kafin tayar baya ta iso inda ta gaba ta taka, gaban ya riga ya daidaita. Nauyinta ya kai kimanin tan ɗaya da rabi, shi ya sa idan babbar mota ta gifta ta da gudu a kan hanyar Dosso, iskar da takan ture ƙananan motoci gefe ba ta cika girgiza ta ba.

Ta fuskar tuƙi, ba mota ce ta mai son wasa da kwana ba. Sitiyarinta sako-sako ne, ƙafarta mai laushi ce, kuma idan aka shiga kwana da gudu takan kwanta gefe fiye da Honda Accord, wadda ta fi ta riƙe ƙasa. Masu ƙera ta sun yi ta ne domin magidanci da ke son ya yi sa'o'i yana tuƙi ba tare da kafaɗunsa sun ƙage ba, kuma a nan ta cika aikinta. Inda ƙarfin inji yake da amfani a hanyarmu shi ne wajen wuce manyan motoci. Duk wanda ya saba bin hanyar Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni ya san yadda ake cin karo da jerin motocin albasa da na siminti, a kan kwalta mai hannu biyu wadda ba a raba tsakiyarta ba, inda kowane daƙiƙa da mutum ya yi a hannun masu tahowa haɗari ne. Injin lita 2.4 mai silinda huɗu yana ba da ƙarfin doki 158, wanda ya isa ya fitar da kai daga gefen tirela da wuri ko da motar na ɗauke da mutum biyar da kaya, abin da ƙaramar mota cike da lodi take yi da ƙyar.

A nan ne nake so ka kula da shekarar ƙira, domin motocin 2007 zuwa 2011 kamanninsu kusan ɗaya ne amma cikinsu ya bambanta. Na 2007 zuwa 2009 suna ɗauke da injin 2.4 da ake kira 2AZ-FE, tare da giya biyar mai canja kanta. Inji ne mai juriya, amma an san da yawa daga cikin na waɗannan shekaru da shan baƙin mai saboda matsalar zobban fistin, har kamfanin da kansa ya amince da hakan ya gyara wa masu su a Amurka. Irin wannan inji ba ya ɗigar da mai a ƙasa, kuma sau da yawa ba ya yin hayaƙin da ido zai gani, sai dai a zaro sandar awo bayan 'yan makonni a tarar man ya sauka. Mai motar da ba ya dubawa yakan gane ne ranar da inji ya fara ƙara a tsakiyar daji. Daga ƙirar 2010, a motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, aka koma injin lita 2.5 mai suna 2AR-FE, mai ƙarfin doki 169 da giya shida, wanda bai gaji wannan ciwo ba, kuma daga wannan shekara aka sa wa kowace Camry na'urar da ke taimaka wa direba idan mota ta fara zamewa. Saboda haka idan kuɗinka ya kai, ka nemi ta 2010 ko 2011. Akwai kuma mai silinda shida, lita 3.5 da ƙarfin doki 268, wadda take da daɗin tuƙi ƙwarai, amma tana shan mai, gyaranta ya fi tsada saboda injin ya cika wurin har hannu ba ya shiga, kuma mai iyali ba shi da inda zai kai wannan ƙarfi.

Jin daɗin iyali a ƙasarmu yana farawa ne daga na'urar sanyaya iska, wato kilim. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Yamai da Tawa, kuma tafiyar da ta kai kimanin kilomita 550 da yara a baya cikin wannan yanayi ba ƙaramar wahala ba ce idan sanyin bai isa ba. Kilim ɗin Camry yana da ƙarfi idan yana da lafiya, sai dai ba kowane samfuri ne yake da hancin fitar da iska a baya ba, mafi tsadar cikinsu ne suke da shi, don haka ka leƙa bayan akwatin da ke tsakanin kujerun gaba ka gani. Kada ka gwada sanyin da safe ko a inuwa. Ka je da tsakar rana, ka bar motar tana tsaye inji na aiki na kusan kwata, ka ga ko sanyin yana raguwa, kuma idonka na kan allurar zafin inji, wadda bai kamata ta wuce tsakiya ba. Kujerun yadi sun fi na fata dacewa da mu, domin fata tana ƙona jiki idan mota ta wuni a rana, tana kuma tsattsagewa da wuri. Wani aibi da aka san wannan zubi da shi a ƙasashe masu zafi shi ne robar saman allon gaban direba takan narke ta yi danƙo tana ƙyalli, har hasken ya riƙa dukan gilashi yana damun ido. Ba ya hana mota tafiya, ana rufe shi da kafet, amma dalili ne na neman ragi.

Kujerar baya tana ɗaukar yara uku cikin walwala, ko manya biyu da yaro a tsakiya. But ɗinta ya haura lita 400, wato jakunkunan tafiya na iyali da buhun tsaraba za su shiga. Sai dai in faɗa maka abin da muke gani bayan kowace sallah: motoci suna dawowa daga gida da buhun hatsi biyu, da na albasa, da jarkar mai, ga mutum shida ko bakwai a ciki, bayan motar ya zauna har tayoyi suna gogar jiki. Wannan mota kujeru biyar gare ta da bel biyar, kuma a jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ta nuna iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka. Wanda iyalinsa suka wuce biyar, ko wanda ya san duk tafiya sai an haɗa shi da 'yan uwa biyu, gara tun yanzu ya duba mota mai layin kujeru uku.

Yanzu ga inda abokan aikinka masu maganar RAV4 suke da gaskiya. Cikin Camry bai fi santimita 13 zuwa 15 daga ƙasa ba, alhali na RAV4 ya kai kusan 19, kuma da zarar an yi lodi wannan tazara tana ƙara raguwa. A kan kwalta wannan ba matsala ba ce, sai a wuraren da aka gina tudun rage gudu mai tsayi a mashigar garuruwa, inda dole a taka a hankali kuma a karkace. Amma yawancin unguwannin Yamai, da zarar an sauka daga babban titi, yashi ne da rani, taɓo da kududdufi da damina. Mota mai ja da tayoyin gaba kuma mai ƙasa-ƙasa tana kafewa a yashi mai zurfi, tana kuma bugun dutse da tukunyar baƙin mai ko da salansa. Ruwa ya fi komai haɗari, domin idan ya kai bakin da inji ke shaƙar iska, inji zai zuƙe shi, sandunan fistin su lanƙwashe nan take, kuma wannan ba gyaran kwana ɗaya ba ne. Don haka kafin ka yanke shawara, ka tuna yadda layinku yake a watan Agusta, ka kuma tuna ko gidan iyayenka a cikin garin Tawa yake ko sai an bar kwalta an bi burji an tsallake ƙorama. Idan tsallake ƙorama na cikin tafiyar, ko kuma aikinka yana kai ka ƙauyuka, ko kana da niyyar wucewa arewa ta hanyar Agadas, to ka bar maganar Camry. Idan kuwa 'yan mitoci ne na yashi tsakanin titi da ƙofar gida, bai dace ka biya ƙarin kuɗin mota mai tsayi ba, wadda a kan kuɗi ɗaya za ka same ta ta fi tsufa ko ta fi gajiya, kuma ba ta kai Camry laushi da shiru a doguwar hanya ba. Wasu suna sa wa ƙafafun motar ƙarfe ko roba domin a ɗaga ta. Ɗan kaɗan ba ya cutarwa sosai, amma idan aka zarce yana cinye sandunan da ke juya tayoyin gaba, yana kuma ɓata yadda take riƙe hanya.

Maganar mai kuwa ba ta kai yadda ake tsorata mutane ba. Mai silinda huɗu da ke da lafiya takan sha tsakanin lita 8 da 9 a kowane kilomita 100 a buɗaɗɗiyar hanya da kilim a kunne, a cikin gari kuma, da cunkoso da tsaye-tsaye, tsakanin 11 da 13. Tankinta lita 70 ne, saboda haka idan ka cika a Yamai za ka isa Tawa da saura mai yawa, ba sai ka tsaya wurin 'yan ruwa-ruwa ba, waɗanda man kwalabarsu yakan zo da ƙura ko gauraye, ya toshe matata ya kashe famfon mai. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499, don haka idan muka yi lissafi a kan dala ɗari, wato sefa 500, zuwa Tawa zai ci maka tsakanin jika 22 da jika 25, wato sefa dubu 22 zuwa dubu 25. Corolla za ta rage maka kusan lita biyu a kowane kilomita 100. Ga wanda yake yin kilomita dubu a wata, wannan kusan jika goma ke nan, kuma kai ne za ka auna ko faɗin wuri da natsuwar hanya sun kai jika goma a wurinka. Ga mai tasi ba su kai ba, ga mai ɗaukar iyali zuwa Adar, wato yankin Tawa, ina ganin sun kai.

Sauran motocin ajinta ba zan daɗe a kansu ba. Honda Accord ta 2008 zuwa 2012 ta fi daɗin tuƙi kuma sau da yawa ta fi araha, amma ƙafarta ta gaba tana son kulawa a hanya mai ramuka, domin idan mahaɗin da ke riƙe taya ya gaji ba a canja ba, taya na iya ɓallewa ta kwanta ana cikin tafiya. Toyota Avensis, wadda aka ƙera a Ingila kuma ta yawaita a nan, mota ce mai kyau idan an sami mai injin 1.8, amma mai 2.0 da aka rubuta wa D-4 ba ta jure man da ba shi da tsabta. Hyundai Sonata ta 2011 zuwa 2014 tana da kyan gani da araha, sai dai an yi ta kiran irinta a Amurka saboda lalacewar inji. Nissan Altima kuma giyarta irin ta bel ce da ake kira CVT, wadda zafi ke wahalarwa kuma masu gyaranta ba su da yawa. Peugeot 406 ta yi zamaninta, kuma har yau babu mai musun laushin ƙafarta, amma an daina ƙera ta a Faransa tun 2004, samun mai sauran ƙarfi sai an tona.

Darajar Camry tana cikin abu biyu: kayan gyaranta suna ko'ina, sababbi da na hannu, daga Yamai har Ƙonni da Tawa, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta, sannan ranar da ka tashi sayarwa ba ta kwana a hannu. Ba zan yanka maka farashi ba, domin tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin ta Gaya a Yulin 2023 motocin da a da suke shigowa daga Kwatano cikin sauƙi suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin kawo su ya ƙaru, kasuwa kuma tana motsi daga wata zuwa wata. Abin da zan ce shi ne kada ka zuba duk abin da ka tara a kan saye. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma, ko ma fiye, domin tayoyi da batir da juyen mai da gyaran ƙafa da asiransi da canjin suna a kartagiris, saboda babu motar da ta haura shekara goma da za ta zo ba ta neman komai.

Ranar duba mota ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Mai sayen ragon layya gadon baya yake taɓawa, ba ƙaho yake kallo ba, haka nan fenti mai ƙyalli da tayoyin da aka shafa wa mai ba su gaya maka komai. Ka fara da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka tabbatar ita ce a jikin ƙofa da kuma a takardun duwan. Alama ta goma a jerin ita ce shekarar ƙira: 7 na nufin 2007, 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, harafin A 2010, B kuma 2011. Wannan yana da amfani saboda ana canja wa ta 2007 fitilu da bamba a sayar da ita da sunan ta 2010. Idan daga Amurka ta fito, agogonta mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato 150,000 da ka gani kilomita 240,000 ne, idan ma ba a mayar da agogon baya ba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci an sayo su ne a gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, don haka a ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujeru, a kuma duba ƙasan but ko akwai alamar walda. Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilar inji da ta birki da ta jakar iska dole su kama duka sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne domin a ɓoye matsala. A sa kwamfuta a karanta, a kuma leƙa ƙarƙashi a ga ko matatar hayaƙi da ke jikin salansa tana nan, domin ana yanke ta a sayar saboda tsadarta. Sannan ka nemi a bar ka ka fita da ita bayan gari, ka kai ta gudun kilomita 100, ka saurari ƙafa, ka ji ko giya na shiga ba tare da fizga ba, ko sitiyari na rawa idan ka taka birki.

Bayan saye, abin da ke kashe waɗannan motoci a hannunmu yawanci zafi ne da ƙura da kuma gyaran ganganci. Kada ka yarda a cire maka abin da ke daidaita zafin ruwan inji a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi, domin injin da ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa yana ƙara shan mai yana kuma saurin cinyewa. Lagireto ruwansa na musamman yake so, ruwan famfo ko na rijiya yana tara gishiri da tsatsa har ya toshe shi. Baƙin mai mai kauri irin 20W-50 da aka saba zuba wa tsofaffin motoci bai dace da waɗannan injina ba, an yi su ne domin mai mara kauri, kuma a yanayinmu 5W-30 na kirki, ana juye shi duk kilomita 5,000, yana riƙe su lafiya. Matatar iska ta inji da ta cikin mota suna cika da wuri lokacin hunturu, a riƙa duba su duk wata. Giya shida ba ta da sandar awo, kuma man da ake kira WS kaɗai take karɓa, saboda haka kada a bar wanda bai san ta ba ya taɓa ta.

Tayoyi su ne abin da na fi jin tsoro a hanyar Tawa. Girman da yawancinsu ke ɗauka shi ne 215/60 R16, kuma a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zobe bayan kalmar DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida, ko da zanenta bai goge ba, robarta ta bushe, kuma kwalta mai zafi da lodi da gudu su ne suke fasa ta. Cikin tayoyin hannu da ake kawowa daga Turai akwai na lokacin ƙanƙara, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda robarsu ke yin laushi fiye da kima a zafinmu, kada ka saye su ko da an ba ka a rabin kuɗi. Ka auna iska da safe kafin a tashi, har da ta safaya, bisa adadin da ke rubuce a ginshiƙin ƙofa, kuma ka tsara tafiyar yadda za ka bar Yamai da sassafe ka wuce Tsarnawa da sauran rana, saboda amalanken jakai da dabbobi da manyan motocin da suka lalace a kan hanya ba su da fitila idan dare ya yi.